Littafin jinyar masu taɓin hankali a daulolin Musulunci: kundin yadda aikin ke tafiya

6 ga Janairu, 2025

Yau na tsayar da iyakar littafin. Zai tashi daga wajen 1450 ya tsaya a wajen 1800, kuma dauloli uku zai ɗauka: Usmaniyya ta Turkiyya, Safawiyya ta Farisa, da Mugal ta Indiya. A shafin farko dole in fayyace cewa Usmaniyyar Santambul nake nufi, don ɗalibanmu da sun ji sunan, Sakkwato hankalinsu zai tafi.

Ɗaliban aikin jinya nake rubuta wa, masu karatu a sashen ƙwaƙwalwa. Tarihin da muke koya musu yakan fara da asibitin Bedlam na Landan, ya biyo ta kan likita Pinel da kwance wa mahaukata sarƙoƙi a Faris a shekarun 1790, ya sauka a Aro ta Abeokuta inda Farfesa Lambo ya fara jinyar ƙauye a 1954. Babu ko layi ɗaya kan Santambul ko Alƙahira. Wani labari ne ya cike giɓin, wanda ke yawo a WhatsApp da Facebook: wai Musulmi suna warkar da mahaukata da kiɗa da ƙarar ruwa a zamanin da Turawa ke ƙona su. Akwai gaskiya a ciki, amma an tace ta an zubar da tsakin. Ɗalibin da zai kwana a ɗakin marasa lafiya shi kaɗai ba kirarin kakanni yake buƙata ba. Abin da zai amfane shi ya san wa ya ɗauki nauyin mai ciwon a wancan zamani, da kuɗin wa, da izinin wa, kuma me ya faru ranar da kuɗin ya yanke. Tambayar littafin ke nan, kowane babi a kanta zai tsaya.

19 ga Janairu

Babin asibitin Edirne, birni a Turkiyya, ya samu rubutun farko. Shi na sa a gaba don daga nan labarin kiɗan ya fito.

Sultan Bayazid na II ne ya gina wurin tsakanin 1484 da 1488 a bakin kogin Tunja: masallaci, makarantar likitanci, gidan ciyar da talakawa, masaukin baƙi, sai asibitin da suke kira darusshifa. Babban zaurensa mai kusurwa shida ne, ƙubba a sama da kafar fitar iska a ƙololuwarta, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ɗakuna kewaye. Ɗakunan hunturu shida ne masu murhu, na bazara kuwa buɗe suke ta wajen zauren. Abin da ya fara ɗaukar idona ba ƙawar ginin ba ce. Mai jinya ɗaya da ya tsaya kusa da ruwan nan yana ganin kowace ƙofa. Duk wanda ya taɓa aikin dare a dogon ɗaki mai lungu zai gane darajar wannan tun kafin a yi masa bayani.

Jerin ma'aikatan farko ya nuna babban likita ɗaya, likitoci biyu, likitocin ido biyu, masu fiɗa biyu, sai mai haɗa magani da sauran masu hidima. Likitan ido ba shi da aiki a gidan da aka keɓe wa mahaukata. Ashe asibitin kowa da kowa ne, masu taɓin hankali wani ɓangare ne kawai a ciki. Sai daga baya, da ƙarnuka suka ja, ya koma nasu su kaɗai. Gadajensa kuma talatin da 'yan kai ne, a birnin da ya taɓa zama fadar daula.

Shaidar kiɗan daga bakin Evliya Celebi take, matafiyin nan da ya shafe wajen shekara arba'in yana yawo ya bar littafin tafiye-tafiye mai juzu'i goma. Ya ziyarci wurin a 1652. Ya ce mutum goma ne, uku mawaƙa, sauran masu busa sarewa da masu kaɗa kayan tsirkiya, suna zuwa sau uku a mako su yi wa marasa lafiya da mahaukata kiɗa, har ya lissafa muƙamai, wato salon sautin kiɗa, da suka fi yi musu amfani, irin su Rast da Nawa da Dugah da Segah. Ya ambaci ƙanshin furanni, da naman tsuntsaye da ake dafa musu, da ranaku biyu a mako da ake buɗe ɗakin magani a raba wa talakawan gari kyauta.

Masu tura labarin a waya nan suke tsayawa. Evliya bai tsaya ba. A wurin nan dai ya ce idan bazara ta shigo, lokacin da ciwon ke tashi, da umarnin hukuma ake kawo mutane a ɗaure su a gadajensu da sarƙoƙi, suna ruri. Ya ce sarƙoƙin an shafe su da ruwan zinariya da azurfa. To, ko da zinariyar ce, sarƙa sunanta sarƙa. Kuma Evliya mutum ne mai ƙara wa labari gishiri, kowa ya san shi da haka, ga shi ya zo ne shekara 164 bayan gama ginin, ga jerin ma'aikatan da aka saba kawowa daga takardar wakafin babu makaɗa a ciki. Ban jefar da shaidarsa ba, don likitocin daular sun rubuta kan kiɗa da gaske: Shu'uri Hasan, a ƙarshen ƙarni na 17, ya jera wane muƙami ya dace da wane ciwo da wane lokaci na yini. Amma na rubuta ta a matsayin maganar mutum ɗaya, kuma na sa kiɗan da sarƙar a sakin layi guda yadda shi ma ya gan su a gini guda.

Na ƙara gargaɗi ɗaya: kada ɗalibi ya haɗa wannan da garayar 'yan bori. Can iska ake kira ya hau. Nan likita ne ke ganin sauti yana gyara yanayin jiki kamar yadda abinci da magani ke yi.

Ginin yana nan. Jami'ar Trakya ta mayar da shi gidan tarihin kiwon lafiya a 1997, ya ci kyautar gidajen tarihi ta Majalisar Turai a 2004.

2 ga Fabrairu

Babin ilimin likitocin. Duka daulolin uku tukunya ɗaya suke ɗiba: Alƙanun na Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, da sharhohinsa. Jiki ruwaye huɗu ne, jini da majina da safra'u da sauda'u, ciwo kuwa rinjayen ɗaya ne ko lalacewarsa. Sauda'u mai sanyi ce busasshiya, idan ta yi yawa ko ta ƙone ta hau kai sai a samu malikhuliya: tsoro da baƙin ciki babu dalili, mugun zato, son kaɗaici. Akwai mai zafin faɗa da suke kira maniya. Akwai ƙuɗrub, mai yawon dare a maƙabarta, idanu sun faɗa, ƙafafu duk gyambo. Har son da ya wuce kima sun sa shi a jerin cututtuka, suna gane shi da canjin bugun jijiya idan an ambaci wanda ake so.

Abu biyu na ja wa layi. Na farko, sun raba ruɗewar da ta zo da zazzaɓi, wadda suke kira sirsam, da haukan da babu zazzaɓi. Tambayar da muke fara koya wa ɗalibi ke nan har gobe: wanda aka kawo yana sambatu, a taɓa jikinsa tukuna, kada a kai mai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ɗakin masu taɓin hankali. Na biyu shi ne abin da Ibnu Sina ya ce kan aljanu. Ya kawo cewa wasu likitoci na ganin malikhuliya daga aljani take, sai ya ce shi a matsayinsa na mai koyar da likitanci bai damu ba ko daga aljani ne ko ba daga shi ba, don in ma daga shi ne, ta hanyar juya yanayin jiki zuwa sauda'u zai yi aikinsa, sauda'un kuwa ita likita zai yi wa magani. Bai ƙaryata kowa ba, bai kuma bar aikinsa ba. Na san wannan sakin layin zai yi wa ɗalibai amfani ranar da dangi suka tsaya a bakin gado suna cewa ai ba ciwon asibiti ba ne.

Maganin duk neman jiƙa abin da ya bushe ne da fitar da abin da ya taru: wanka da ruwan ɗumi, shafa mai a ka, madara, ruwan sha'ir, naman kaza da na ɗan rago, a guji yalo da kabeji da busasshen nama mai gishiri. Sai wanke ciki da wani tsiro da suke kira aftimun, da tsagar jijiya a zubar da jini, da ofiyam don barci, da zama da mutanen da mai ciwon ke jin daɗinsu. Ɗauri ma yana cikin littattafan, wasu har duka da tsoratarwa sun ambata ga wanda ya gagara. Sharafuddin Sabunjuoglu, likitan asibitin Amasya, a littafinsa na fiɗa mai zane na 1465, ya nuna yadda ake yi wa mai malikhuliya lalas a ka da ƙarfe mai zafi, bin sawun Zahrawi na Andalus.

Ilimin bai daskare ba. Hayatizade Mustafa Faizi, babban likitan fada da ya rasu a 1692, ya rubuta risaloli biyar, biyu daga ciki kan ciwon da ke tashi daga ƙasan haƙarƙari ya zama damuwa da fargabar cuta, kuma ya ɗebo daga likitocin Turai na zamaninsa.

11 ga Fabrairu

Ƙanena ya kawo zanen zauren Edirne da taswirar biranen. Ya ce, "Yaya, in sa hoton sarƙar kuwa? Kada a ce mun ɓata wa Musulmi suna." Na ce ya sa, kusa da hoton sarewar, girmansu ɗaya.

25 ga Fabrairu

Babin shari'a, wanda nake ganin shi ne cibiyar littafin. Na kai wa Baffa, tsohon alƙali ne, muka zauna a zaurensa da Risala da Muhtasar a gefe, ni kuma da abin da na tsamo daga Multaƙal Abhur na Ibrahim Halabi, wanda ya rasu a 1549, littafin da alƙalan Usmaniyya suka fi riƙewa.

Tushen kowa ɗaya ne, hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Daga nan Hanafawa suka yi ta rassa. Sun raba haukan da ya zarce da mai zuwa yana tafiya, wanda cinikinsa da sakinsa suna inganta a lokacin da ya farfaɗo. Sun ware ma'atuhu, mai raunin hankali da maganarsa ke cakuɗewa amma ba ya duka ba ya zagi, suka ba shi hukuncin yaro mai wayo. Mahaukaci in ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, diyya kan danginsa take. Dukiyarsa ba ta zama ganima, uba ko kaka ko wasiyyi ke riƙe ta, in babu alƙali ya naɗa. Rabe-raben nan sun rayu har suka shiga Majalla, kundin dokokin da daular ta tsara tsakanin 1869 da 1876.

Baffa ya saurara, can ya ce, "'Yata, zakka fa? Me suka ce a dukiyarsa?" Na ce Hanafawa ba su wajabta ta a kuɗin yaro da mahaukaci ba. Ya ce mu a Malikiyya waliyyi ne zai fitar. Da muka zo aure ne ya gyara zama. A wajenmu hauka yana cikin aibobin da ke ba da zaɓi, tare da kuturta da albaras, a jinkirta shekara a nemi magani, in bai warke ba matar ta zaɓa. Abu Hanifa da Abu Yusuf kuwa ba su ba wa mace wannan ƙofa ba, Muhammad Shaibani ne ya ba ta, kuma ra'ayin biyun farko aka fi bi. Sai a dokar iyali ta 1917 daular ta rubuta a fili cewa matar da mijinta ya haukace za ta iya zuwa gaban alƙali, a jinkirta shekara, sannan a raba. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Allah Sarki. Ƙarni nawa mata na zaune." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in rubuta haka da sunanka?" Ya ce in rubuta hukuncin, in bar girgiza kansa a zaure.

Abin da babin ya fito da shi: gida ne asibitin farko, kuma ga mafi yawan mutane shi ne na ƙarshe. Shari'a ta ɗora ciyarwa da tsaro a kan dangi. Rajistocin kotunan daular, da dubbansu suka tsira har yau, suna nuna alƙali na naɗa mai kula da dukiyar wanda hankalinsa ya gushe, da maƙwabta na kai ƙarar wanda suke tsoron zai cutar da su. Santambul ta ƙarni na 17 tana da mutane dubu ɗaruruwa, manyan asibitocin sarauta kuwa biyar ne: Fatih, Haseki, Sulaimaniyya, Atik Walide da Sultan Ahmad. Lissafin kansa ya isa ya nuna waɗanda ke shiga: baƙo, talakan da ba shi da kowa, da wanda ya fi ƙarfin gidansu. Mai hali likita yake kira har gida.

15 ga Maris

Azumi ya rage gudun aikin. Ɗan akwati kawai na rubuta kan Fas. Maroko ba ta cikin dauloli ukun, amma mai shaidar ya sa ba zan iya tsallakewa ba: Hasan Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da a littafinsa na 1526 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ya ce yana saurayi ya yi shekara biyu yana aikin magatakarda a asibitin Fas. Ba baƙo ba ne da aka zagaya da shi aka nuna masa wurin da aka share, ma'aikaci ne.

Abin da ya gani: ɗakunan mahaukata an ƙarfafa su da katako da ƙarfe, mutane ɗaure da sarƙa, mai kawo abinci riƙe da sanda. Ya ce sukan kira mai wucewa su yi masa kukan cewa sun warke amma an ƙi sakinsu. Ya kuma faɗi dalilin lalacewar asibitocin birnin: a lokacin wani yaƙi sarki ya matsu da kuɗi, aka ba shi shawara ya sayar da kadarorin da ke ciyar da su, ya sayar, ba a kuma mayar ba.

8 ga Afrilu

Maganar Wazzan ce ta buɗe babin kuɗi. Babu ma'aikatar lafiya a waɗannan dauloli. Asibiti wakafi ne: sarki ko matarsa ko uwarsa su keɓe ƙauyuka da shaguna da gidajen wanka, kuɗin da suka shigo a biya likita, a sayi magani da itace da burodi. Takardar wakafin ce dokar wurin. Ta asibitin Haseki, wanda Hurrem matar Sultan Sulaiman ta sa babban magini Sinan ya gina aka gama wajen 1550, ta shar'anta likita ya zama mai taushin zuciya da sakin fuska, kada ya gaya wa mara lafiya kalma mai kaushi, don kalma ɗaya takan fi masa ciwonsa nauyi. Wannan zan sa a bangon littafin.

Amma takarda ba ta cika tukunya. An rubuta albashi da kuɗin magani da akce, tsabar azurfa, adadi ƙayyadadde, kamar darajarta ba za ta taɓa motsi ba. A 1585 zuwa 1586 gwamnati ta rage azurfar da ke cikin akce da kusan rabi. Farashi ya tashi, abin da wakafi ya yanka wa likita da mai jinya yana nan inda yake. Tawayen Jalali kuma, daga shekarun 1590 zuwa wajen 1610, ya watsa ƙauyukan Anadolu da ake karɓo kuɗin daga gare su. Ga gobarar Santambul da girgizar ƙasa. Idan kuɗi ya ja baya, mai ciwon ido da mai karaya sukan daina zuwa, su nemi wani wuri. Wanda aka ɗaure ba shi da inda za shi. A ganina ta haka asibitocin kowa da kowa suka riƙa komawa gidajen ajiye mahaukata ɗaya bayan ɗaya.

Alƙahira ta nuna ƙarshen hanyar. Asibitin Sultan Ƙalawun, da aka gina a 1284 zuwa 1285, ya shiga hannun Usmaniyya a 1517, Evliya ya gan shi yana aiki ya yaba. Da Desgenettes, babban likitan rundunar Napoleon, ya shiga a 1798, gini ya tarar da ya tsufa, kuɗi ya ƙaranta, mahaukata ɗaure a 'yan ƙananan ɗakuna.

27 ga Afrilu

Na yi ta jinkirin babin fada don tsoron kada ya koma tsegumi, amma ɗalibai za su koyi abu a ciki.

Mustafa na I ya hau gadon sarautar Usmaniyya a 1617 bayan ya shafe ƙuruciyarsa a kulle a wani sashe na fada. Wata uku aka sauke shi. Marubutan tarihin daular sun ce yakan fizge rawunan wazirai, ya watsa wa kifaye da tsuntsaye kuɗi. Da sojoji suka kashe Usman na II a 1622 sai aka sake ɗora shi, aka sake sauke shi a 1623. Halin da wasu suka kira hauka, wasu cewa suka yi majazubi ne, waliyyin da Allah ya janye hankalinsa zuwa gare Shi. Mai son ya zauna ya ce waliyyi, mai son ya sauka ya ce mahaukaci.

Sultan Ibrahim ya fi ban tausayi. Yana kulle yayansa Murad na IV ya kashe 'yan'uwansu uku. Da aka zo a 1640 aka ce masa Murad ya rasu, ya fito ya karɓi mulki, ƙi ya yi, yana zaton tarko ne, sai da ya ga gawar. Ya yi fama da ciwon kai da fargaba da raunin jiki. Da magungunan likitocin fada suka gaza, aka kawo wani ɗalibin ilimi ɗan Safranbolu mai suna Husaini, mai tofi da addu'o'i, wanda aka fi sani da Jinji Hoja, malamin aljanu. Sarki ya ji sauƙi a hannunsa. Nan da nan mutumin da bai gama karatu ba ya zama alƙalin Galata, a 1644 ya zama babban alƙalin Anadolu, yana sayar da muƙamai yana tara dukiya. Masaukin fatake da ya gina a garinsu yana nan har yau. A Agustan 1648 aka sauke Ibrahim, bayan kwana goma aka shaƙe shi. Jinji Hoja ma bai kai ƙarshen shekarar ba, dukiyarsa kuwa da ita aka biya sojoji kyautar hawan sabon sarki.

Ban sa wa ko ɗayansu sunan cuta irin na yau ba, kuma na gaya wa ɗalibai dalili. Ba mu ga mara lafiyar ba, waɗanda suka ba mu labarinsa kuwa da yawansu mutanen waɗanda suka sauke shi ne. Masana tarihi na yanzu da dama suna ganin laƙabin mahaukaci da aka liƙa wa Ibrahim akwai siyasa a ciki. Abin da ya tabbata shi ne shekarun kulle da jiran mai shaƙewa, kuma kowane ɗalibin jinya ya san abin da wannan ke yi wa mutum.

18 ga Mayu

Farisa da Indiya babi ɗaya na haɗa su, don likitocinsu ma haɗe suke: daga Shiraz da Gilan ake ƙaura zuwa fadar Mugal inda albashi ya fi tsoka. A ɓangaren Safawiyya na tsaya kan Imaduddin Mahmud Shirazi, likitan ƙarni na 16 da ya yi aiki a Mashhad, wanda ya rubuta risala sukutum kan ofiyam: yadda yake kama mutum, da yadda ake raba shi da shi ta rage adadi sannu a hankali, da tsawaita tazara, da musanya shi da wani abu.

Wannan ya kai ni ga Jahangir, sarkin Mugal, wanda da alƙalaminsa ya rubuta tarihin shaye-shayensa. Ya ce ya kai yana shan kofi ashirin na giya mai ƙarfi a yini, hannunsa na rawa har sai wani ya riƙe masa kofin. Hakim Humam, ɗan Gilan, ya gaya masa gaskiya cewa in ya ci gaba haka wata shida, magani ba zai yi ba. Cikin shekara bakwai ya sauko zuwa kofi shida, sai dai ya maye gurbin da ofiyam. Ƙannensa biyu, Murad da Daniyal, giya ce ta kashe su. Zan ba ɗalibai wannan su karanta kamar bayanin mara lafiya, su fitar da alamomin da kansu. Shi ne kuma, cikin dokoki goma sha biyu da ya kafa da hawansa a 1605, ya ce a gina asibitoci a manyan birane, a sa likitoci, a biya daga baitulmalin sarki.

Saura a gurguje: darusshifa ta Haidarabad ta 1595, wadda sarakunan Golkonda suka gina tun kafin Mugal su ci ƙasar a 1687, da littafin Muhammad Akbar Arzani na wajen 1700, da ya mayar da bayanin cututtukan kai zuwa Farisanci har masu maganin Yunani na Indiya suka daɗe suna karanta shi. Sai Sarmad, majazubin da ke yawo tsirara a Delhi, abokin Yarima Dara Shikoh. Bayan Sarki Aurangzeb ya kashe ɗan'uwansa Dara, malamai suka yi wa Sarmad shari'a aka sare shi wajen 1661. Da mahaukaci suka ɗauke shi, da alƙalami a ɗauke yake. Kabarinsa na kusa da babban masallacin Juma'a na birnin, ana ziyara.

3 ga Yuni

Na karanta wa 'yan aji na ƙarshe babin Edirne da na shari'a. Wata ta ce, "Malama, to su wa suka fi, mu ko Turawa?" Na ce Bedlam ma sarƙa take ɗaurawa a lokacin, Valencia ta Sifen kuma ta buɗe asibitin masu taɓin hankali tun wajen 1410, waɗanda aka ƙona a Turai kuwa da tuhumar maita aka ƙona su. Tambayarta ta nuna gabatarwar na buƙatar shafi ɗaya kan Turai, zan ƙara. Wani ya nemi a faɗaɗa wajen ziyarar kaburburan waliyyai da zawiyoyi, inda talakawa da yawa ke kai marasa lafiyarsu kafin su tuna da asibiti. Yana da gaskiya, babin gida zai ɗauki wannan.

Na yanke shawarar ƙara ɗan rataye da zai wuce 1800, don kada a bar mai karatu a tsakiyar hanya. Asibitin Sulaimaniyya ya zama babban gidan mahaukata na Santambul. A 1856 aka naɗa Luigi Mongeri, likita ɗan Italiya, ya yi aikin kawar da sarƙoƙi. Kwalara ta ɓarke a 1873 aka kwashe marasa lafiyar zuwa Toptashi, tsohon asibitin Atik Walide a Uskudar. A 1876 aka fitar da dokar gidajen mahaukata da aka tsara bisa ta Faransa ta 1838. Daga 1924 likita Mazhar Osman ya fara mayar da su Bakirkoy, inda asibitin yake har yanzu.

Abin da ya rage kafin a kai wa mai buga littafi: shafin Turai, faɗaɗa babin gida, rage babin magunguna da ya yi tsawo, da neman izinin hotuna biyu. Babin shari'a zai koma wajen Baffa bayan Babbar Sallah, ya ce yana so ya sake duba wajen diyya da kansa.